Abincin Dakoro Ya Isa A Rubuta Shi, Kamar Yadda Mutanen Baltik Suka Rubuta Nasu

Inda gonakin hatsi suke ƙarewa a arewacin jihar Maradi, dajin kiwo ya fara, nan gundumar Dakoro take, kwarin Tarka ya ratsa ta. Ƙidayar 2012 ta nuna mutanenta sun haura 600,000, bayan ma an cire Bermo da Gadabeji an yi musu tasu gunduma. Gobirawa ne da Adarawa da Tagamawa, Fulani da Buzaye, kowa da harshen gidansu da sana'ar kakanninsa. Amma idan rana ta take a Kornaka ko Birnin Lalle ko Sakabal, abu ɗaya ake jawowa a ɗaga faifai a kansa, wato ƙwaryar fura da nono. Hatsin daga manomi ya fito, nonon daga makiyayi, kuma babu ɗayansu da zai iya cika ƙwaryar shi kaɗai. Ra'ayina shi ne ilimin abincin da ke hannun matan wannan yanki dukiyar ƙasa ce, kuma yana zubewa a gaban idonmu. Fari yana da nasa laifi, amma raini ya fi shi saurin ɓarna. Akwai wasu ƙananan al'ummu a can arewacin Turai, a bakin tekun Baltik, da aka raina abincinsu da waƙoƙinsu shekaru ɗaruruwa, suka tashi suka tattara su suka rubuta, kuma abin da ya biyo baya ya cancanci mu tsaya mu dube shi.

Sai an matso kusa ake gane yawan sanin da ke cikin dawo guda. Mace za ta surfa hatsi da yayyafin ruwa har dusa ta saki, ta sheƙe, ta wanke, ta ajiye ruwan wankin domin dabbobi ko farau-farau. Ta bar tsabar ta tsane, ta daka da citta da kanumfari da barkono, ta tankaɗe, ta kwaɓa ta dunƙula, ta jefa a tafasasshen ruwa. Da hanci da ido take sanin ya nuna. Daga nan ta mayar turmi ta kirɓa da zafinsa har ya yi danƙo, ta cura, ta mulmula cikin gari. Ta san wane hatsi ne yake ba da fura mai laushi, wane ne ya fi dacewa da tuwo, ta san yawan nonon da zai ɗauke ta daga hantsi zuwa la'asar ba tare da tsami ya wuce kima ba a zafin bazara. Babu awo a rubuce, babu littafi. A rugage da zangon Buzaye kuwa akwai cuku: a sa wa madara sabuwar tatsa ɗan abin da aka ciro daga cikin ɗan akuya ko ɗan rago mai shan nono, ta daskare, a shimfiɗa ta siriri a kan ƴar tabarmar tsinken ciyawa, ruwan ya tsiyaye, a shanya ta bushe. Da wannan dabara nonon damina, wanda ba ya kwana biyu a ƙwarya, yake zama guzurin watanni a ƙasar da ba firji.

Bayan waɗannan akwai wani ilimin da ya fi su zama cikin haɗari, domin ba kullum ake buƙatarsa ba. Ƴaƴan anza ɗaci gare su da ba ya ciyuwa, sai an jiƙa su kwanaki ana sauya ruwa har ɗacin ya fita, sannan a dafa su kamar wake ko a niƙa. Ganyen jiga da yaɗiya da tafasa da gasaya kowanne da lokacin tsinkarsa da yadda ake kashe masa kaifi kafin a yi kwaɗo ko dambu. Aduwa ana tsotsar ta, a fasa ƙwallon a fitar da mai. Magarya ana daka ta a yi akuri. Ƙarangiya, wadda matafiyi ba ya sanin komai nata sai ƙaya a ƙafar wando, tana da tsaba da aka ci a shekarun wuya. Inda ɗorawa ba ta tsirowa, mata sun koyi yin daddawar batso da ƴaƴan yakuwa. Haka iri: zango mai dogon kai, da gergera, da ankutes mai jure ƙarancin ruwa, da maiwa mai jinkirin nuna, manoma ne suka yi ta zaɓen su daga damina zuwa damina har kowanne ya san ƙasarsa.

To me ya sa nake cewa raini ne babban maƙiyi? Saboda mun sa wa rabin wannan abinci suna ɗaya, abincin yunwa, ragowar kuma muka ce na ƙauye ne. Gidan da aka ga ana jiƙa anza, maƙwabta za su fara raɗa cewa rumbu ya ƙare. A biki ko suna, shinkafa da taliya ne suke nuna mai gida ya isa, ko da bashi ya ci ya sayo su. Dunƙulen ɗanɗano na kanti ya ture daddawa daga tukunya. A garuruwan da shanu ke wucewa ta bayan gida safe da yamma, ana dama fura da nonon da aka haɗa da madarar gari da ta ƙetaro teku, wadda wani lokaci an cire mata man shanunta an zuba na itace. Yarinyar da ta je lakwal tana jin kunya a ce ta iya sarrafa jiga. Uwa ma ba ta matsa mata, domin tana fatan ƴarta ba za ta taɓa shiga halin da zai sa ta nemi wannan sani ba. Fata ce mai kyau, sai dai sakamakonta shi ne ilimin ya tsaya a wurin uwar.

Mutanen Baltik sun san irin wannan raini sarai. Ƙasashe uku ne, Lituweniya da Latbiya da Estoniya, kuma gaba ɗayansu ba su wuce mutum miliyan shida da ɗoriya ba. Shekaru ɗaruruwa manoman Latbiya da Estoniya suna noma wa iyayengiji Jamusawa, ba su da ikon barin gonar da aka haife su a kanta, sai tsakanin 1816 da 1819 aka soke wannan ƙangi a yawancin yankin. Harshen birni da kotu da ilimi mai zurfi Jamusanci ne, daga baya Rashanci, a Lituweniya kuma yaren Polan. Wanda ya yi karatu yakan sauya harshe, wani har da suna. Abincin talaka kuwa baƙin burodi ne mai tsami, na wani ɗan'uwan alkama da ke jure sanyi da ƙasa maras ƙarfi. Ana zuba wa garin ruwan zafi a cikin kwamin katako, a bar ƙullun ya yi tsami da ragowar ƙullun baya, a gasa shi a kan ganye, ya yi mako ko fiye bai lalace ba. Masu hali farin burodin alkama suke ci. Amma a gidan manomi, idan yanki ya faɗi ƙasa, ɗauka ake yi a sumbace shi, kamar yadda tsofaffinmu ba sa barin a taka tsabar hatsi.

A rabin ƙarshe na ƙarni na 19 wasu ƴaƴan manoman da suka yi karatu suka ƙi bin hanyar sauya suna. Krišjānis Barons na Latbiya, wanda ya rayu daga 1835 zuwa 1923, ya ba da shekaru masu yawa yana karɓar gajerun waƙoƙin gargajiya da malaman ƙauye da ɗalibai da manoma suke aiko masa. Kowace waƙa yana rubuta ta a ƴar guntuwar takarda, ya jera a cikin wani kabad mai aljihuna da aka ƙera masa a Mosko a 1880. Tsakanin 1894 da 1915 aka buga su, sun haura 200,000, kuma a cikinsu akwai huɗa da girbi, niƙa da gashin burodi, aure da jana'iza. Kabad ɗin yana babban ɗakin karatu na ƙasa a Riga, UNESCO ta sa shi cikin kundin abubuwan tunawa na duniya a 2001. A Estoniya wani limamin coci, Jakob Hurt, ya yi kira ta jarida a 1888, mutane sama da 1,000 suka amsa suka shiga ƙauyuka da alƙalami. A Lituweniya gwamnatin sarkin Rasha ta hana buga littafi da haruffan boko a harshensu daga 1864 zuwa 1904, sai talakawa suka riƙa shigo da littattafai a ɓoye ta kan iyaka, wasu aka kama su aka kai Saiberiya. Abin lura a nan shi ne duk wannan aiki an yi shi ne kafin su sami ƙasa tasu, kafin su sami kuɗi, ba tare da wata ma'aikatar al'adu ba.

Ribar ta fito lokacin da aka fi buƙatarta. Tarayyar Sobiyet ta haɗiye ƙasashen uku a 1940, a watan Maris na 1949 kaɗai ta kwashe mutum sama da 90,000 zuwa Saiberiya, ta tattara gonaki ta mayar na gwamnati. Duk da haka babban bikin waƙa, wanda Estoniya ta fara a 1869, Latbiya a 1873, Lituweniya a 1924, bai mutu ba, kuma tsofaffi a ƙauye ba su daina gashin burodinsu ba. Ranar 23 ga Agusta 1989 mutum kusan miliyan biyu suka riƙe hannun juna daga Talin zuwa Riga zuwa Vilniyus, tafiyar sama da kilomita 600, bayan shekara biyu kuma duniya ta amince da ƴancinsu. Ba ina cewa burodi ne ya rusa Sobiyet ba. Ina cewa al'ummar da ta san abin da ya sa ta zama ita tana da abin riƙewa idan komai ya kuɓuce. Ƴan'uwansu tsofaffin Purusawa ba su sami mai tattara nasu a kan lokaci ba, harshensu ya mutu wajen farkon ƙarni na 18, abin da ya rage ƴan littattafan addini ne da jerin kalmomi. Yau baƙin burodin Latbiya da cukun da suke yi na bikin tsakiyar bazararsu suna da rajista a Tarayyar Turai, an rubuta yadda ake yin su dalla-dalla, kuma a garin Aglona akwai gidan tarihi na burodi kaɗai.

Na san abin da mai karatu a Dakoro zai fara cewa: wanda bai ƙoshi ba ina ruwansa da gado? Wannan magana tana da nauyi. Ba a manta 2005 ba, lokacin da fara da ƙarancin ruwa da tsadar hatsi suka haɗu, aka buɗe wuraren jinyar yara masu tamowa a Maradi da Dakoro. Amma tarihin yunwar kansa yana goyon bayan abin da nake faɗa. A 1973 da 1984, kafin motar taimako ta iso ƙauye, anza da jiga da ƙarangiya ne suka riƙe rayuka, kuma sun riƙe ne saboda akwai matan da suka san yadda ake cire musu ɗaci. A 2023, da aka rufe iyakokin Nijar da Najeriya da Benin bayan juyin mulkin watan Yuli, kowa ya ga yadda farashin shinkafa ya tashi, ya kuma ga cewa gidan da ya dogara da abin da jirgin ruwa ke saukewa a Kwatano ba shi da tabbas. Hatsi ya fi farar shinkafa sinadarin ƙarfe mai gina jini, yana nuna a ƙasar da masara ba za ta kai labari ba, Nijar kuma tana sahun farko a duniya wajen nomansa. Majalisar Ɗinkin Duniya da kanta ta ware 2023 a matsayin shekarar gero da danginsa. A Damagaram wani kamfani, Sahara Sahel Foods, ya nuna cewa anza da aka sarrafa da tsabta tana shiga leda ta sayu a kanti. Da tsohuwar zuma ake magani, kuma a ƙasar da damina ke yin gardama, wannan ilimi yana cikin abin da ke raba gida da yunwa.

Ƙorafi na biyu ya fi ƙarfi, kuma daga mata yake fitowa. Mai yabon fura galibi ba shi ne yake tashi da asuba ya kama taɓarya ba. Surfe da daka da kirɓi suna cinye sa'o'i, ga ɗebo ruwa daga rijiya mai zurfin gaba da yawa, ga neman itace. Macen da ta zaɓi taliya domin tana nuna cikin minti goma ba ta ci amanar kowa ba, hutu ta nema, kuma haƙƙinta ne. Duk wani kira na raya abincin gargajiya da zai ƙare a kan bayan mata, ni ba na tare da shi. Sai dai matan Latbiya ma ba sa niƙa a dutse yanzu. Gidajen burodi ne suke yi da inji, suna bin tsarin tsamin ƙullu na da, ɗanɗanon bai canja ba. Abin da ya kamata a riƙe shi ne iri da sani da ɗanɗano, wahalar kuwa a miƙa ta ga injin surfe da na niƙa. Ƙungiyoyin mata a Maradi da Yamai sun riga sun fara sayar da garin fura da na kunu a busashe. Abin da ya rage shi ne irin waɗannan injuna su isa yankunan Dakoro irin su Azagor da Tagris, kuma ribar ta tsaya a hannun matan da suka san aikin.

Wani zai ce mutanen Baltik sun yi karatu tun da wuri, mu kuwa tsofaffinmu ba sa rubutu. Gaskiya ne yawancin manomansu sun iya karatu tun ƙarni na 19. Amma Barons ya jira wasiƙa ta yi makonni a hanya, mu kuwa wayar da ke aljihun saurayi a tashar Dakoro tana ɗaukar murya da hoto. Muna da ajami a hannun malamai da almajirai, muna da rediyon karkara, muna da jami'ar Dan Dicko Dankoulodo a Maradi da cibiyar binciken noma ta Tarna, kuma tun 1968 akwai cibiya a Yamai, wadda ake kira CELHTO yanzu, da aka kafa musamman domin tattara tarihin baka. A 2025 an ɗaga Hausa ta zama harshen ƙasa, kuma hanya mafi kyau ta cika wannan matsayi ita ce a rubuta ilimin mutane da ita, a kuma rubuta na Fulatanci da Tamajak da harsunansu, domin sirrin nono da cuku a can yake. Mai tsoron kada tono al'ada ya dawo da abin da addini ya hana, ya kwantar da hankalinsa. Yadda ake jiƙa anza ko zaɓen irin shuka ba ya karo da shari'a ta kowace fuska, kuma malamanmu na da sun rubuta magunguna da lissafin taurarin damina ba su ga aibi ba.

Ba za a ce hukuma ba ta yi komai ba. A ƴan shekarun nan kilishin Nijar da albasar Galmi sun sami rajista a hukumar OAPI, cuku da fatar jar akuyar Maradi ma an ba su tambari, kuma tun 2019 aka fara bikin hatsi na FESTIMIL a Yamai. Abin yabo ne. Amma takarda da biki suna zaune a birni, cuku kuwa a daji ake yin sa, kuma ba ya yiwuwa sai saniya ta sami ciyawa da hanyar zuwa rijiya. Nan ne maganar abinci take komawa maganar ƙasa. Dokar 1961 ta shata iyakar noma ta arewa, amma gonaki sun daɗe da tsallake ta, burtali yana ƙanƙancewa, kwarin Tarka da ke ciyar da dabbobi a rani yana shan gatari da garma. A da, bayan an ɗaure dammuna, makiyayi yakan sauka a gona, dabbobi su ci kara su bar taki, matarsa ta kawo nono ta koma da tiyar hatsi. Wannan musaya ita ce ta haifi fura da nono, ita ce kuma ta hana faɗa. Jihar Maradi ta ga abin da ke faruwa idan musayar ta lalace, a Toda a 1991, inda aka kashe mutum sama da 100, yawancinsu mata da yara. Dokar kiwo ta 2010 da aikin ƙungiyoyin makiyaya irin su AREN suna nan, kuma duk mai son gadon abincin Dakoro dole ya damu da a yi aiki da su. Mun kuma ga shaida cewa abin da aka raina yana iya dawowa: sassaben zamani, wato barin tohon gawo da kalgo da sabara su girma a gona, a wannan jiha ya fara yaɗuwa a shekarun 1980, daga bakin manomi zuwa kunnen manomi, har ya mamaye miliyoyin hekta.

Abin da nake nema ba ya buƙatar jiran mai ba da tallafi daga waje. Makarantun da ake ciyar da yara a yankin makiyaya su riƙa sayen hatsi da wake da nono da cuku daga ƙungiyoyin da ke kewaye da su, domin yaron da ya sha fura a lakwal da izinin malaminsa ba zai tashi yana jin kunyarta ba, kuɗin kuma ya zauna a gari. Kowace ƙaramar hukuma a gundumar ta ɗauki nauyin ɗalibai kaɗan a lokacin hutu, su zauna da tsofaffin mata da makiyaya, su ɗauki bayani da muryar masu shi da sunan ƙauyensu, a ajiye kwafi a Dakoro, wani a jami'ar Maradi, a kuma riƙa sa shi a rediyo. A haɗa da damin kowane irin hatsi na gida a kai Tarna a adana. A fara da matan da suka ciyar da gidajensu da anza a 1984, domin yawancinsu a yau sun ba shekara sittin baya.